Sara da Maganar Yau da Kullum: Tambayoyin da Aka Fi Yi da Amsoshinsu

Waɗannan tambayoyi ba daga bakin mutum ɗaya suka fito ba. Wasu na iyaye ne da suka ji 'ya'yansu suna hira ba su tsinci komai ba, wasu na malaman makaranta ne da jan biro ya kusa ƙare musu, wasu kuma na marubuta da masu fassara da masu koyon harshe. An fara da masu sauƙi aka gangara zuwa masu zurfi, kuma kowace tana da lamba domin a iya tsallakawa daga wata zuwa wata.

1. Mece ce sara?

Sara ita ce kalma ko jimlar da wani rukunin mutane ya ƙago, ko ya ɗauki tsohuwa ya juya mata ma'ana, ya riƙa yi a tsakaninsa har ta zama yayi. Idan saurayi ya ce abokinsa "ya ɗau wanka", babu ruwa babu sabulu a zancen, nufinsa ya ci ado. Idan aka ce wani "ya saki layi", ba wanda ya ga layin balle ya ga inda aka sake shi. Mutumin ya fara maganar da ba ta da kai ne kawai.

Babbar alamar sara ita ce kusan kullum akwai wata kalmar da kowa ya sani mai wannan ma'ana, amma aka ƙi ta da gangan. Mai cewa mota "ta haɗu" ya san "tana da kyau" sarai. Ba rashin kalma ya kai shi ba, zaɓi ya yi, kuma zaɓin yana faɗa wa mai sauraro ko shi wane ne da kuma su wa yake zama da su.

2. Ashe ba ɗaya take da maganar yau da kullum ba?

A'a, kodayake maƙwabtan juna ne. Maganar yau da kullum ita ce yadda kowa yake magana idan ya saki jiki: tsoho da yaro, malami da jahili. A nan ake gutsure "yaya kake" ta koma "ya kake", a nan "ai" da "fa" da "dai" da "haba" suke yawo, a nan ake barin jimla ba a ƙarasa ba saboda an riga an gane. Ba ta da masu ita, kuma ba ta tsufa da sauri.

Ga gwaji mai sauƙi. Faɗi kalmar a gaban kakarka. Idan ta gane ba ta ko ɗaga kai ba, maganar yau da kullum ce. Idan ta ce "me ka ce?", ko ta gane wani abu dabam da abin da kake nufi, to da alama sara ce.

3. To karin harshe fa?

Karin harshe gado ne. Wanda ya tashi yana cewa "shina zuwa" a inda wani yake cewa "yana zuwa", ko "mi" a maimakon "me", bai ƙirƙiri komai ba. Haka ya ji a bakin iyayensa, su ma haka suka ji. Karin harshe yana taɓa furuci da nahawu da kalmomi gaba ɗaya, yana kuma bin yanki. Sara kuwa kusan duk aikinta a kan kalmomi yake, tana bin shekaru da abokan zama, kuma mutum yana iya ɗaukarta a wata ɗaya ya yar a wani.

Abin da yake rikita mutane shi ne daidaitacciyar Hausa, wadda aka gina galibinta a kan Kananci. Wasu sai su ɗauka duk abin da ya kauce mata kuskure ne ko shiririta. Ba haka ba ne. Sakkwatanci da Katsinanci da Zazzaganci ba sara ba ne, kuma kowannensu yana da tasa sarar a cikinsa.

4. Kalmomin masu sana'a, irin na makanikai da likitoci, su ma sara ne?

Asalinsu ba sara ba ne. Makaniki yana buƙatar sunan kowane ƙarfe a cikin inji domin kada yaronsa ya miƙo masa wanda ba shi ba. Manufar irin waɗannan kalmomi ita ce a fayyace, ba a burge ko a ɓoye ba.

Amma suna yawan tsallake katangar gareji su shigo gari, kuma da zarar sun shigo sai su zama sara. Birki na mota ne, amma ana "taka wa mutum birki". Kwana ta hanya ce, amma ɗan siyasa yana "shan kwana". Ana cewa wani "ya yi ribas" idan ya janye maganarsa. Harkar mota kaɗai ta ba Hausa ɗimbin irin waɗannan, kuma yanzu wayar hannu ta karɓi tutar. Duba tambaya ta 13.

5. Zaurance da sara abu ɗaya ne?

Zaurance dabara ce, sara kuwa tarin kalmomi ce. A zaurance ana ɗaukar ƙa'ida ɗaya a bi da kowace kalma ta cikinta: ko a juya gaɓoɓi, "yaro" ya koma "roya", "kuɗi" ya koma "ɗiku", ko a riƙa cusa wata gaɓa bayan kowace gaɓa har maganar ta zama kamar wani yare. Wanda ya san ƙa'idar zai iya zaurance da kalmar da bai taɓa ji ba. Sara ba ta da irin wannan mabuɗi, sai ka zauna da masu ita.

Ba Hausawa kaɗai suke wannan wasa ba. Faransawa suna da nasu da suke kira *verlan*, sunan da shi kansa juyayyen *l'envers* ne, wato "a juye". A can ne ake ganin yadda zaurance yake haifar da sara: *femme*, wato mace, ta juya ta zama *meuf*, kuma yau mutane da yawa suna faɗarta ba tare da tunanin sun juya komai ba. A gabashin Landan kuma, tun ƙarni na 19, an yi wata dabarar ta daban: a musanya kalma da jimlar da ƙarshenta yake da amo iri ɗaya da ita, sannan sau da yawa a yar da ɓangaren da yake da amon, a bar baƙo cikin duhu.

6. Me yake sa mutane ƙirƙirar sara alhali ga kalmomi birjik?

Dalili mafi tsufa shi ne ɓoyewa. Ɗaya daga cikin tsofaffin bayanan da aka rubuta kan irin wannan magana a Turai ya fito ne daga kotu: a 1455 aka gurfanar da wasu gungun ɓarayi a birnin Dijon na Faransa, kuma cikin takardun shari'ar aka rubuta kalmomin da suke amfani da su a tsakaninsu. Har gobe fursunoni da masu fasa-ƙwauri da ɗalibai masu shirya tsiya suna yin haka.

Sai dai ɓoyewa ba ita ce ta fi yawa ba. Mafi yawan sara ba ta ɓoye wani sirri. Aikinta ta ce "ni naku ne". Kalma ɗaya tana iya yin abin da katin shaida yake yi. Shi ya sa take yawa a duk inda aka tara sa'o'in juna wuri ɗaya aka rufe ƙofa: makarantar kwana, barikin soja, gidan yari, tashar mota, ƙungiyar ƙwallo.

Akwai kuma sassauta abin da ya yi nauyi a baki. Ba mai son a ce yana zamba, amma "cuwa-cuwa" tana da sauƙin faɗa, "harƙalla" ma haka. Wanda ba shi da aikin yi zai fi jure a ce yana "buga-buga". Sannan akwai dalilin da masana suke yawan mantawa da shi saboda ya cika sauƙi: daɗi. Mutane suna son wasa da harshe kamar yadda yaro yake wasa da ƙasa.

7. Ta yaya ake ƙera kalmar sara?

Hanyar da ta fi kowace ita ce juya ma'ana. Ba a ƙago sabon sauti, tsohuwar kalma ake aikawa sabon aiki. "Kwali" takarda ce mai kauri, sai ta zama takardar shaidar gama karatu. "Sojojin baka" ba su da bindiga, makirufo ne makaminsu. Wani lokaci juyawar tana kaiwa har ƙarshe, mugun abu ya zama yabo: "ƙwaro ne" ga wanda ya gwanance, "mugun kyau" ga abin da ya wuce misali. Wannan ba Hausa kaɗai ba ce. Harsuna da yawa suna ɗaukar kalmar tsoro su yi kirari da ita.

Sai aro daga wani harshe a lanƙwasa shi har ya manta gidansu. "Gaye" daga Ingilishi ya zo, amma ya yi jam'i irin na Hausa ya zama "gayu", ya haifi "ɗan gaye". Akwai ninki, wanda Hausa take ƙauna: buga-buga, cuwa-cuwa, kwanta-kwanta. Akwai ɗaukar lamba ko suna: 419 lambar sashe ce a dokar manyan laifuka ta Nijeriya, sashen da ya yi magana kan karɓar dukiya ta hanyar yaudara, sai ta fito daga littafin doka ta zama sunan macuci. "'Yan Yahoo" kuma sunan kamfanin intanet ne aka maƙala wa masu damfara ta kwamfuta, ba tare da kamfanin ya ci ko ya sha ba.

Abin lura, wanda ya kamata masu ƙorafi su tsaya su duba, shi ne sara ba ta karya nahawu. Daga "haɗu" aka sami "haɗaɗɗe" da "haɗaɗɗiya" da "haɗaɗɗu", daidai yadda "gyara" take ba da "gyararre" da "gyararriya" da "gyararru". Daga "daba" aka sami "dabanci", daga "bariki" aka sami "barikanci". Yaron da bai taɓa buɗe littafin nahawu ba yana bin ƙa'idar tsaf, har da ninka baƙi a inda ya dace. Za a koma kan wannan a tambaya ta 10.

8. Me ya sa take saurin mutuwa?

Saboda abin da yake ba ta daraja shi ne ƙarancin masu ita. Ranar da uba ya fara faɗar kalmar, ko kamfanin waya ya sa ta a talla, ko ɗan takara ya hau mumbari da ita, ta tashi daga aiki. Masu ita sun riga sun yi gaba. Faransawa suna da misali mai ban dariya: an juya *arabe*, wato Balarabe, ta zama *beur*, da jaridu da 'yan siyasa suka karɓe ta sai matasa suka sake juya ta ta koma *rebeu*.

Akwai kuma dushewar kaifi. Kalmar yabo da aka yi wa kowa da komai, ba da jimawa ba sai ta daina yabon kowa, dole a nemo wata.

9. Akwai sarar da ta tsira har ta zama cikakkiyar kalma?

Da yawa, kuma wasu sun yi nisan da ba mai tuhumarsu. Kalmar *OK*, wadda da wuya a sami ƙasar da ba a faɗarta, wasan 'yan jarida ce. Ta bayyana a wata jaridar Boston ta Amurka ranar 23 ga Maris, 1839, a lokacin da ake yayin taƙaita jimloli da haruffan farko bayan an ɓata rubutunsu da gangan. Sauran 'yan uwanta na wannan yayi duk sun mutu. Ita ta yi sa'a: a zaɓen 1840 magoya bayan shugaba Martin Van Buren suka ɗauke ta saboda ta dace da haruffan farko na laƙabinsa, *Old Kinderhook*, daga nan ta kama ƙasa.

Wanda ya fi wannan tsufa: kalmar Faransanci ta "kai", wato *tête*, ta fito ne daga *testa* ta Latin, wadda ma'anarta tukunyar ƙasa ko tsingaronta. Wato talakawan Rum suna tsokanar juna da "tukunyarka", kamar yadda mu ma muke cewa ƙoƙon kai, har tsokanar ta kori kalmar asali. Yau likita a Faransa da ita yake rubuta rahoto.

A Hausa babu misalin da ya kai "tazarce". Jimla ce ta kamfe, "ta zarce", da aka yayata a 1998 lokacin da ake neman Janar Sani Abacha ya ci gaba da mulki. Mutumin ya rasu a shekarar, kalmar ba ta bi shi ba. Ta tsallaka Nijar, inda aka kira yunƙurin shugaba Tandja Mamadou na 2009 da wannan suna, kuma yau gidajen rediyo suna faɗarta a labarai ba tare da kowa ya ji wani banbaraƙwai ba. Dalilin tsirarta a fili yake: ta cike gurbin da babu wata kalma ɗaya tak da ta cike shi. Sarar da take rayuwa galibi irin wannan ce. Wadda ta zo ta tarar da kalmomi goma a wurin, ita ce take fara tafiya.

10. Gaskiya ne sara tana lalata harshe?

Wannan kuka ya girmi duk mai karanta wannan shafi. A 1710 marubucin nan Jonathan Swift ya rubuta yana kukan yadda ake gutsure kalmomin Ingilishi, kuma cikin waɗanda ya tsana har da *mob*, wadda aka yanko daga wata jimlar Latin mai nufin taron jama'a marar tabbas. Shekara fiye da 300 ke nan, *mob* tana cikin kowane ƙamus, Ingilishi kuma bai mutu ba. Harshen da ba ya haifar da sara shi ne wanda ya rasa matasa masu magana da shi, kuma wannan ne abin tsoro na gaskiya.

Duk da haka ban ce masu kukan ba su da hujja ko kaɗan ba, sun dai ɗora laifin a inda ba nan yake ba. Matsalar ba yaron da ya iya "ta haɗu" ba ne. Matsalar yaron da ba shi da komai sai ita: bai san "tsaleliya" ba, bai san "santaleliya" ba, ba zai iya rubuta wasiƙar neman aiki ba, ba zai iya yi wa dattijo bayani ba tare da ya ji kunya ko ya ba da kunya ba. Mai riga ɗaya ne, da ita zai je filin ƙwallo, da ita zai je gaban alƙali. Maganinsa a ƙara masa riguna, ba a yaga wadda yake da ita ba. Tambaya ta 15 ta kawo yadda malami zai yi hakan.

11. Gauraya Hausa da Turanci, abin da ake kira Ingausa, ita ma sara ce?

Ba dole ba. Akwai aro, wanda ya riga ya zauna: mota, tebur, asibiti, direba. Wanda bai taɓa shiga aji ba yana faɗarsu, Hausa ce. Akwai kuma tsalle daga harshe zuwa harshe a tsakiyar jimla, wanda sai mai harshe biyu yake yi, kuma ana samunsa a duk inda harsuna biyu suka zauna a kai ɗaya. Sara tana ɗiba daga duka biyun, amma ba ita ce su ba.

A wasu biranen Afirka cakuɗar ta yi ƙarfi har ta sami suna nata. A Nairobi akwai Sheng, wadda ta ɗora kalmomin Ingilishi da na Kikuyu da Luo a kan ginshiƙin Swahili. A Abijan akwai Nushi, Faransanci da aka cuɗa da Jula da Baule da sauransu. A Duwala da Yawunde akwai Kamfarangile, cakuɗar Faransanci da Ingilishi da harsunan Kamaru. Duk sun faro a matsayin maganar matasan titi, yanzu kuma ana waƙa da talla da su, har 'yan siyasa suna aro.

Kada kuma a ɗauka Hausa karɓa kawai take yi. "Wahala" da "wayo" sun daɗe da shiga Turancin buroka, kuma miliyoyin da ba sa jin Hausa suna faɗarsu kullum.

12. Ina iyaka tsakanin sara da ashar?

Ba duk sara ce batsa ba, kuma mafi yawan zagi ba sara ba ne, domin zagi yana daɗewa ƙwarai. Wanda kakanni suka yi shi jikoki suke yi. Inda suke haɗuwa shi ne lokacin da abokai suka ɗauki zagi suka mayar da shi yabo. "Shege!" a bakin aboki, bayan ka ci ƙwallo mai kyau, kirari ne. Kalmar nan dai a bakin wanda ba ku saba ba tana iya kai ku gaban hukuma. Ba kalmar ce ta canza ba, dangantaka ce take ba da izini, kuma ba a aron wannan izini.

Wadda ta fi haɗari ita ce sarar da ake laƙaba wa wata ƙabila, ko mata, ko masu lalura. Mai faɗa yana iya rantsewa wasa yake yi, amma wanda aka faɗa wa shi yake da ikon cewa ta yi zafi ko ba ta yi ba.

13. Me wayar hannu da intanet suka canza?

Abu na farko, sun sa ana rubuta abin da a da baki kaɗai yake ɗauka. Saƙon tes na asali haruffa 160 ne kacal, kuma kowane saƙo da kuɗinsa, sai mutane suka koyi matse magana: slm, ykk, lfy, ngd. Matsin ya wuce, al'adar ta zauna. Har da abin da ba ya rage ko harafi ɗaya, kamar rubuta "xan xo" a maimakon "zan zo", wanda ado ne kawai. Wayar ta kuma ba da sababbin kwatance: kai yana "ɗaukar caji", wanda hankalinsa ya tafi wani wuri "ba shi da sabis".

Na biyu, gudu. Kalmar da a da za ta shekara kafin ta je wani gari, yanzu bidiyo ɗaya a TikTok yana kai ta ko'ina a kwana biyu, kuma da wannan saurin take tsufa. An ma sami sabon wanda ake ɓoye wa magana: ba uba ba, ba ɗan sanda ba, na'urar da take tace rubutu. Masu Ingilishi suka ƙago *unalive* domin kada a danne musu bidiyo idan sun ambaci kisa ko mutuwa. Dalilin ɓarayin Dijon na tambaya ta 6 ne ya dawo da sabuwar riga.

Abin da ni yake damuna a rubutun waya ba taƙaitawa ba ce, yar da haruffa masu ƙugiya ne. "Baki" da "baƙi" ba ɗaya ba ne, haka "kasa" da "ƙasa". Wannan ba sara ba ce, ragwanci ne, kuma kusan kowace waya yanzu tana iya ɗaukar allon rubutun Hausa.

14. 'Ya'yana suna magana ba na ganewa. In damu?

Rashin ganewar kaɗai ba abin damuwa ba ne, kusan don haka aka yi ta. Ku ma kun yi wa naku iyayen. Abin da ya fi amfani shi ne a tambaya cikin raha, "wannan kuma me take nufi?" Yawancin yara suna jin daɗin zama malamai na minti biyu. Abin da ba ya aiki shi ne hani, domin kalmar za ta koma inda ba ku ji, haka kuma kwaikwayo, wanda yake sa yaro ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Inda ya kamata a buɗe ido shi ne idan sababbin kalmomi suka zo tare da wasu sauye-sauye: sababbin abokan da ba a kawowa gida, kuɗin da ba a san tushensu ba, barci da cin abinci sun rikice, magana tana yankewa da zarar kun shigo. Masu shaye-shaye suna da sunayen ɓoye ga kayansu, kuma sunayen suna canzawa da sauri, don haka haddace jerinsu ba ya wadatarwa. Halin yaron za a karanta.

15. Ɗalibaina suna zuba sara a rubutun jarrabawa. Yaya zan yi?

Jan layi da rubuta "ba Hausa ba ce" ba ya koyar da komai, kuma ba gaskiya ba ne. Yaron ya san Hausa ce tunda da ita yake rayuwa. Abin da bai sani ba shi ne muhallinta. Gwada wannan: ba su labari ɗaya, misali an sace wa wani waya a cikin mota, ka ce kowa ya rubuta shi sau uku, ga abokinsa, ga mahaifinsa, sannan a matsayin rahoto ga shugaban makaranta. A na farko ka sake musu mara su yi sararsu son rai. Za ka ga da kansu suna canza kalmomi a na biyu, a na uku kuma za su fara tambayarka "Malam, yaya ake faɗar wannan?" Wannan tambayar ita ce darasin.

16. Ina koyon wani harshe. In koyi sararsa?

Ka koye ta domin ka gane, ka jinkirta faɗarta. Baƙon da ya yi magana irin ta littafi, ana yi masa uzuri har a yaba. Baƙon da ya jefo sara a inda ba ta dace ba, ko ya ɗauko wadda aka daina yayinta shekara goma da suka wuce, dariya ake yi masa, wani lokaci ma a ji haushi. Kafin ka fara amfani da kalma, ka ji ta a bakin mutum uku ko huɗu, ka lura da shekarunsu da wanda suke faɗa wa, ka kuma lura da wanda suke yin shiru da ita idan ya shigo. Abin da tambaya ta 12 ta faɗa game da izini ya fi shafar baƙo fiye da kowa.

17. Marubuci ko mai fassara fa, yaya zai yi da ita?

A cikin zancen taurarin labari, sara tana da aiki babba. Karen mota da yake magana kamar mai karanta labaran ƙarfe takwas, ba mai yarda da shi. Amma kaɗan ta isa: kalma biyu ko uku a inda suka dace sun fi shafi guda, domin abin da yake sabo yau shi zai fara nuna tsufan littafin. Idan labarin na wani zamani ne da ya wuce, sai a kiyaye kada a sa wa mutumin 1975 kalmar da aka haifa a zamanin wayar hannu.

Fassara ta fi wuya. Bin kalma da kalma yana kashe ta nan take. Ka fassara "ya ɗau wanka" zuwa wani harshe yadda take, mai karatu zai ɗauka bokiti aka ɗauka. Abin nema shi ne kalmar da take da matsayi iri ɗaya a ɗaya harshen: masu shekaru iri ɗaya suke faɗarta, nauyinta ɗaya, rainin da ke cikinta ko wasan da ke cikinta ɗaya. Idan ba a samu ba, gara a fassara ma'anar a fili a wannan wuri, a mayar da ɗanɗanon a wata jimlar ta kusa inda harshen ya ba da dama.

18. Yaushe kalmar sara take shiga ƙamus, kuma wa yake yanke hukunci?

Masu ƙamus na zamani ba alƙalai ba ne, masu ɗaukar rahoto ne. Suna duba ko kalma ta bazu, ko ta daɗe, ko ana samunta a rubuce a wurare daban-daban ba tare da an tsaya fassara ta ba. Shigarta ƙamus ba lambar yabo ba ce, shaida ce cewa tana nan. A Janairun 2020 ƙamus ɗin Oxford ya shigar da kalmomi 29 na Ingilishin Nijeriya, cikinsu har da *okada* da *danfo* da *Kannywood*, dukkansu an daɗe ana faɗarsu kafin wani ya ba su izini. Masu wannan ƙamus ɗin ne kuma suka zaɓi *selfie* a matsayin kalmar shekarar 2013, a 2015 ma ba kalma suka zaɓa ba, hoton fuskar nan mai dariya har da hawaye suka ɗauka.

Tattara sara a littafi ba sabon abu ba ne. Francis Grose ya fitar da ƙamus ɗin maganar titi ta Ingila tun 1785, kuma saboda shi ne aka san kalmomi da yawa da ba don haka ba da sun bi iska. A Hausa, babban ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya adana ɗimbin kalmomin zamaninsa, amma maganar matasa tana canzawa da saurin da bugun littafi ba ya kamo ta.

Wanda yake son ya taimaka ba ya buƙatar digiri. Littafin rubutu ya isa, ko fayil a waya. Idan ka ji sabuwar kalma, rubuta ta da cikakkiyar jimlar da ta fito a ciki, ba ita kaɗai ba, sannan ranar da ka ji ta, da kimanin shekarun mai faɗar, da wanda yake faɗa wa. Kada ka rubuta sunan kowa. Ka bar fili a ƙasan kowace kalma, domin bayan shekara ɗaya ko biyu za ka dawo ka ƙara layi ɗaya: har yanzu ana yi, ko ma'anarta ta gusa, ko ka faɗe ta a gaban yara sun kalli juna.